Manhajar bashi tana tsallake suna, kawu kuma yana zargin yaron shago

Assalamu alaikum. Ni saurayi ne a nan Maradi, ban daɗe da fara koyon rubuta manhajar kwamfuta ba. Kawuna yana da shagon sari a kasuwa, shinkafa da sukari da mai da taliya, kuma da yawa daga masu sayensa ƴan kasuwar ƙauye ne da ke ɗaukar kaya bashi. Na rubuta masa ƴar manhaja da harshen Python mai riƙe lissafin bashi, ta yi aiki lafiya. Sai taubashina, ɗan kawun da ke aiki a Yamai, ya zo hutu ya ce in mayar da ita harshen Java, don wata rana a sa ta a waya. Na bi layi-layi na mayar. Tun daga nan ban sake ganin daidai ba. In an rubuta kuɗi, sai ta tsallake tambayar suna ta wuce. Wani lokaci sunan mai bashi ya fito 000, kuɗin kuma 25 maimakon 25 000. Nauyin kilo 12.5 tana karɓarsa a kwamfutata, a ta shago kuwa sai ta tsaya da jan rubutu. In ta tambaya ko a ci gaba, aka amsa da i, sai ta rufe. Lambar wayar mutanen Jibiya da Katsina ma ba ta karɓa. Yanzu lissafi ya ƙi haɗuwa, kawu ya fara zargin yaron shagon da ke shigar da bayanai, har ya ce ƙarshen wata zai sallame shi. Zuciyata na faɗa mini laifin manhajata ne, amma ina jin nauyin kawu, don shi ya saya mini kwamfutar. Taubashina kuwa dariya yake yi, wai kaina bai ɗauki abin ba. In gyara a ɓoye ne, ko in faɗa wa kawu, ko in haƙura da wannan sana'a gaba ɗaya?

Wani mai karatu, daga Maradi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Akwai abu ɗaya a wasiƙarka da ba zai jira ba, shi ne maganar yaron shago. Manhaja za ta iya kai wata guda a lalace ba a rasa komai ba, tunda akwai alƙalami da takarda. Amma yaron da aka sallama da sunan sata a kasuwar Maradi, labarinsa zai riga shi isa kowane shago, kuma abin da ka rubuto ya nuna mini cewa hannunsa ba ya cikin wannan kuskure. Bashin 25 da suna 000 ba aikin ɓarawo ba ne. Alama ce da duk wanda ya taɓa koyon Java zai gane ta daga nesa. Don haka gyara a ɓoye babu shi a cikin zaɓinka. Ko ka gyara manhajar yau da dare, tsofaffin bayanan da suka shiga a karkace suna nan, kuma su ne kawu yake dubawa yana ƙirga asara.

Zan fara da bayanin abin da ya faru a cikin kwamfutar, don ka je wurin kawu da magana a hannunka, ba da kame-kame ba.

A Python, umarnin input yana jira mutum ya gama rubutu ya danna maɓallin Entrée, sai ya kwashe layin gaba ɗaya, ya yar da alamar ƙarshen layi, ya miƙo maka sauran a matsayin rubutu. Kai ne kake mayar da shi lamba daga baya da int (cikakkiyar lamba) ko float (lamba mai gutsure). Wannan hidima yana yi maka ita ba tare da ya faɗa maka ba, shi ya sa ba ka san ana yin ta ba. Scanner na Java kuwa, wato abin da ke karanta abin da aka danna, yana da hanyoyin karatu iri biyu, kuma ba sa zama lafiya da juna. Shi nextLine layi yake kwashewa har ƙarshe, kamar na Python. Amma nextInt da nextDouble, masu karanta lamba, guntu suke ɗauka: su tsallake sararin da ke gaba, su ɗauki lambar, su tsaya a sarari na farko da suka tarar. Duk abin da ya rage a layin, har da alamar Entrée, yana nan yana jiran mai karatu na gaba. Kamar mai awo ne da ya auna gero bai karkaɗe tiyar ba, ya zuba wake a kai: mai wake shi zai tafi gida da ragowar geron wani.

To dubi abin da ke faruwa a shagonku. Yaro ya rubuta 25000 ya danna Entrée. nextInt ya ɗauki lambar ya bar Entrée. Manhaja ta nuna tambayar suna, nextLine ya zo ya tarar da Entrée na jira, ya ɗauka an riga an ba shi amsa, ya dawo da layin da babu ko harafi ɗaya a cikinsa. Ka ga tsallaken ke nan. In kuma yaron ya rubuta 25 000 da sarari a tsakani, yadda aka koya mana rubuta dubbai a makaranta a ƙasar nan, nextInt zai ɗauki 25 ya tsaya, 000 ya rage, nextLine ya kwashe shi a matsayin suna. Mutumin Madarumfa ya tafi da kayan jika 25, kwamfuta ta rubuta masa dala biyar, ta kuma raɗa masa suna 000. A tsohuwar manhajarka, int na Python ba ya karɓar 25 000 da sarari a ciki, tsayawa yake yi ya yi ƙorafi, sai yaron ya sake rubutawa. Wannan tsayawar da kake ganin kamar aibi ita ta tsare muku lissafi. Sabuwar tana haɗiye kuskuren ne ta yi shiru, kuma wannan ya fi tsayawa muni nesa ba kusa ba.

Maganar 12.5 ma tana da dalili, kuma ya shafe mu nan Nijar fiye da maƙwabtanmu. Scanner yana duba saitin harshen kwamfutar da yake aiki a kai kafin ya karanta lamba. A kwamfutar da aka saita da Ingilishi, ɗigo ne ke raba kilo da rabinsa, 12.5. A wadda aka saita da Faransanci, waƙafi ne, 12,5, in ka ba shi ɗigo sai ya tsaya ya jefo saƙon kuskure mai suna InputMismatchException, jan rubutun nan da ka gani. Ga dukkan alamu taka tana kan Ingilishi, ta shago tana kan Faransanci. Ka duba ka gani. Python bai damu da wannan saiti ba, float kullum ɗigo yake so, shi ya sa a da kwamfutocin biyu suke ba da amsa ɗaya. Ka kuma kula da wani tarko da ke gaba: in Scanner ya ƙi karɓar guntu, ba ya yar da shi, yana barinsa a wurin. In ka rubuta cewa a sake tambaya har sai an ba da lamba mai kyau, ba tare da ka kwashe mummunan guntun ba, manhajar za ta yi ta juyawa a kansa ba iyaka.

Sauran biyun masu sauƙi ne. Alamar == a Python tana duba ko rubutu biyu haruffansu ɗaya ne. A Java tambayarta daban: shin waɗannan biyun abu ɗaya ne a wuri ɗaya cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta? Harafin i da yaro ya danna da harafin i da ka rubuta a manhaja ba a wuri ɗaya suke ba, don haka amsa ta zama a'a, manhaja ta rufe. Ka yi amfani da equals, ko equalsIgnoreCase don a karɓi babban harafi da ƙarami. Lambar waya kuwa, int na Java ba ya wuce 2 147 483 647. Lambobinmu na Nijar masu alƙaluma 8 suna shiga ciki, shi ya sa ba ka ga matsala da su ba. Na Najeriya alƙaluma 11 ne masu farawa da sifili, ko an cire sifilin sun haura biliyan 7. Int na Python ba shi da wannan iyaka. Amma maganin ba neman babban mazubi ba ne, domin lambar waya ba abin tarawa ko ragewa ba ce. Ka ajiye ta a matsayin rubutu, sifilinta da alamar + duk su zauna yadda aka rubuta su.

Gyaran da nake ba ka shawara ɗaya ne, kuma zai kashe mafi yawan waɗannan a lokaci guda. Ka cire nextInt da nextDouble daga manhajar gaba ɗaya. Duk tambayar da za ta yi, ta karanta amsar da nextLine, sannan kai ka sarrafa rubutun da hannunka. Ka rubuta ƙaramin aiki ɗaya na karanta kuɗi: ya kwashe layi, ya share duk sararin da ke ciki, ya gwada mayar da shi lamba da Long.parseLong, in ya ƙi, ya faɗa wa yaron da Hausa cewa a rubuta alƙaluma kawai, ya sake tambaya. Ka yi wani na karanta nauyi: ya mayar da waƙafi ɗigo, ya miƙa wa Double.parseDouble, wanda shi kullum ɗigo yake karɓa ko da wane harshe aka saita kwamfuta. Ka lura, int na Python yana yafe sararin da ke gaba ko bayan lamba, amma parseInt da parseLong na Java ba sa yafewa, don haka sharewar dole ce. Wasu za su ce maka ka ƙara nextLine guda bayan kowane nextInt don ya haɗiye Entrée. Yana hana tsallaken suna, amma ban so maka shi ba, domin zai haɗiye 000 ɗin ma, bashin ya zauna 25 ga suna daidai, babu sauran alamar da za ta tona kuskuren.

Kuɗi kuma ka riƙe su da long, mazubin cikakkiyar lamba da ya fi int girma, kada ka sa su a double, mazubin lamba mai gutsure. Sefa ba ta da gutsuren da ake ciniki da shi, kuma double yana yin ƴan kura-kurai a lissafin gutsure. Ka duba wuraren da ka yi rabawa: 7 / 2 a Python 3 yana ba da 3.5, a Java in duka biyun int ne yana ba da 3. In akwai inda kake raba kuɗin buhu biyu ko uku, can ma wasu tamma suna zubewa.

Kafin ka taɓa ko layi ɗaya, ka koyi al'adar da za ta yi maka amfani har ƙarshen aikinka: ka ga abin da ya shigo da idonka. Bayan kowane karatu, ka sa manhajar ta buga abin da ta karɓa tsakanin alamu biyu, misali tauraro a gaba da tauraro a baya, tare da yawan haruffansa. In ka ga taurari biyu manne da juna da tsawo 0, ka san layin wofi ta karɓa. In ka ga tauraro, sarari, 000, tauraro, da tsawo 4, ka kama ragowar da hannunka. Masu koyo da yawa suna ɓata dare suna sauya lissafi, alhali lissafin lafiyarsa lau, abin da aka ba shi ne gurɓatacce. Sannan ka ɗauki takarda ka rubuta amsoshin gwaji kamar 20, masu kyau da munana: 25000, 25 000, 25.000, 12,5, layin wofi, harafi a wurin lamba, suna mai kalmomi uku, suna mai ƙugiya irin Ɗanjuma. Ka ba tsohuwar manhaja, ka ba sabuwa, ka rubuta abin da kowace ta yi. Duk inda suka saɓa, nan aikinka yake. Kuma ka yi gwajin a kwamfutar shago, domin a can za ta zauna. Sunaye masu ƙugiya ka sa musu ido sosai, baƙin allon Windows yakan ɓata ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ga shi kuma wani zai rubuta Danjuma yau, gobe Ɗanjuma, mutum ɗaya ya zama biyu a littafi. Ka ba kowane mai bashi lamba tasa, hakan ya fi neman sa da suna tsaro.

Akwai kuma abin da babu harshen kwamfutar da zai warware maka, sai zama a shago. Mu a bakinmu ba da tamma muke ƙirga kuɗi ba, da dala da jika muke yi. Mai saye zai ce dala ɗari, yana nufin sefa 500. Kawu zai ɗaga murya daga bakin ƙofa ya ce a rubuta wa wane ashirin da biyar, yana nufin jika 25. Wanda ya zo daga Jibiya da naira yake magana. Yaron da ke sauri, ga mutane tsaye a kansa, ga mai amalanke na jiran lodi, me zai danna? Ka je ka zauna kusa da shi ranar da kasuwa ta cika, ka yi shiru, ka kalli yatsunsa. Daga nan ka gyara tambayoyin su fito fili da Hausa: kuɗi nawa da sefa, ba dala ba. Kafin a ajiye, manhajar ta maimaita abin da ta ji, suna kaza, sefa 25 000, wato jika 25, haka ne? In suna wofi ne ko alƙaluma zalla, ta ƙi. In bashi bai kai sefa 100 ba a shagon sari, ta sake tambaya. Yaron nan ya fi kowa sanin inda manhajarka ke cizo, tun da shi take cizo kullum.

Yanzu maganar kawu. Ka same shi shi kaɗai, a gida bayan isha'i ya fi a kasuwa, inda idon mutane zai sa shi ɗaukar zafi. Kada ka cika shi da sunayen Scanner da makamantansu. Ka ce: Kawu, sabuwar manhajar da na sa tana rubuta wasu basussuka ba daidai ba, kuskuren daga wurina yake, ba daga yaron ba, ga shi in nuna muku. Sai ka buɗe kwamfuta a gabansa, ka ba shi ya rubuta 25 000 da hannunsa, ya ga 25 da 000 sun fito. Ɗan kasuwa abin da ya gani yake yarda da shi. Zai iya yin faɗa, yana da haƙƙi, kuɗinsa ne kuma amanarsa ce ya ba ka. Ka saurara, kada ka jingina laifin ga ɗansa ko da shi ya kawo shawarar. Ka zo da abin da za a yi: daga gobe a koma tsohuwar manhaja, a kuma riƙa rubutawa a littafin takarda tare da ita, a tace duk bayanan da suka shiga tun ranar da aka sa sabuwar, a ware masu suna wofi, masu suna 000, da masu kuɗin da ya yi ƙanƙanta, a zauna da yaron da takardun kaya a cike giɓin. Wanda aka kasa ganowa, a tambayi masu bashin cikin mutunci in sun zo, mafi yawansu sun san abin da ke kansu. Kafin ka taɓa bayanan, ka kwafe su a wani wuri, don kada gyara ya ƙara ɓarna. In bayan duk wannan akwai sauran giɓin da manhaja ba ta bayyana shi ba, wannan magana ce daban tsakanin kawu da yaronsa, amma a yi ta a kan lissafi mai tsabta.

Yaron ma ka ba shi haƙuri da bakinka. Ya kwana da zargi a kansa, ƙila har gidansu an ji. In kawu zai faɗa a gaban sauran ma'aikata cewa kuskuren na'ura ne, hakan ya fi komai wanke shi, ka roƙi kawu wannan.

Taubashinka ban ga mugunta a shawararsa ba. Gaskiya ne da Java ko wani harshe mai suna Kotlin ake rubuta manhajojin wayoyin Android da yawa, kuma tun 2019 Google ta ce Kotlin ta fi fifitawa. Inda aka yi kuskure shi ne sauya abin da ke aiki a shago da wanda ba a gwada ba. Wasan taubasantaka kuwa ka san shi, ba a hana shi, amma wannan karon ya taɓa maka wurin da ke ciwo, shi kuma ƙila bai sani ba. Ka kira shi ka ce wasa gefe, ga abin da na gano, ina so ka duba mini ayyukan karatun nan biyu. Wanda ke aiki da Java zai gane tarkon nextInt nan take, domin da wuya ka sami wanda ya koyi harshen bai faɗa cikinsa ba.

Batun barin sana'a ban yarda da shi ba. Ka rubuta manhajar da ta riƙe lissafin shagon sari, ka lura da alamu biyar daban-daban, ka rubuto su dalla-dalla har na gane ciwon ban ga ko layi ɗaya na aikinka ba. Wanda kansa bai ɗauki abu ba ba ya iya wannan. Abin da ba a koya maka ba shi ne, in za a mayar da manhaja wani harshe, ba kamannin layi ake bi ba, aikin da kowane layi ke yi ake bi, har da wanda tsohon harshen ke yi a asirce.

Kana da hanyoyi biyu daga nan, duka masu kyau. Kana iya barin Python a shago ya ci gaba da aikinsa, ka ƙara masa tambayar tabbatarwa da maganar dala da jika, Java kuma ta zama abin koyonka a gida ba da kuɗin kowa a ciki ba. Ni wannan na fi so maka a yanzu. In kuma kun dage sai Java, to ku tafiyar da su biyun tare na wata guda, kowane ciniki a shigar da shi nan da can, kowace yamma a gwada jimilla, sai ranar da suka daina saɓawa a ajiye tsohuwar. Ko wacce ka bi, aikin bai tafi a banza ba, don a waya ma akwatin da mutum ke rubutu a ciki rubutu yake miƙo maka, kai za ka tace ka mayar lamba, da waɗannan ayyuka biyu da za ka rubuta yanzu.

Ka ga kawu kafin Juma'ar nan, kada ka bari ƙarshen wata ya matso. In ka yi gwajin taurarin ka ga wani abin da bai yi kama da waɗanda na lissafa ba, ka rubuto mini abin da aka danna da abin da ya fito daidai yadda yake, har da sararin, mu duba tare. Allah ya ba da sa'a, ya sanyaya zuciyar kawu.